Ɗan Kasuwa da Masu Tsaron Lafiyarsa: Abin da Ake Gani Daga Kabong

A ranar Lahadi, 23 ga watan Nuwamban 2025, Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da umarnin a janye 'yan sandan da ke rakiyar manyan mutane, a mayar da su bakin aikinsu na tsaron jama'a baki ɗaya. Sanarwar da ta fito daga fadar shugaban ta ce duk wani babba da ke son kariya sai ya nemi jami'ai masu makami daga hukumar Sibil Difens. Bayan 'yan kwanaki Sufeto-Janar na 'yan sanda na wancan lokaci, Kayode Egbetokun, ya bayyana cewa an riga an dawo da jami'ai 11,566. Manya da yawa sun ta da jijiyar wuya a kan wannan mataki, cikinsu har da 'yan majalisa da attajirai, suna cewa an bar su a fili.

Idan mai karatu bai manta ba, wannan ba shi ne karo na farko da aka ba da irin wannan umarni ba. Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya ba da shi a 2018, Mohammed Adamu ya maimaita shi a watan Oktoban 2020, kuma a kowane karo ba a daɗe ba sai aka sake ganin 'yan sanda a kujerar gaba ta motocin alfarma. Saboda haka babu mai iya rantsuwa cewa na 2025 zai ɗore. Amma ra'ayina shi ne umarnin yana kan hanya, kuma ko ya ɗore ko bai ɗore ba, ɗan kasuwar da ya ɗora lafiyarsa da dukiyarsa a kan ɗan sandan aro ya yi gini a kan yashi. Dalilina na faɗin haka na same shi ne a wata unguwa ta birnin Jos.

Kabong tana cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato, a daidai inda hanyar Rukuba ta tashi daga Gada Biyu ta nufi barikin Runduna ta 3 ta sojojin Nijeriya. Wuri ne na hada-hada: kasuwa, shaguna a jere bakin titi, masu kayan gwari, masu kayan gini, masu motocin haya da ke lodin fasinja zuwa ƙauyukan Bassa. A daren jajibirin Kirsimeti, 24 ga watan Disamban 2010, bama-bamai suka tashi a nan da kuma Unguwar Rukuba a daidai lokacin da jama'a ke cefanen biki. Gomman mutane suka mutu, sa'an nan rikicin ramuwar gayya ya biyo baya, ya ci wasu rayukan. Waɗanda suka mutu a Kabong masu saye da sayarwa ne. Babu wanda ke da ɗan rakiya a cikinsu, kuma da ma yana da shi, da sai dai su mutu tare. Haka abin yake a ranar 20 ga watan Mayun 2014, sa'ad da tagwayen bama-bamai suka hallaka mutum fiye da 100 a Taminus, kusa da kangon babbar kasuwar Jos wadda gobara ta cinye tun 2002.

Wato dai masifar da ta fi cin 'yan kasuwar Jos, tun daga rikicin watan Satumban 2001 zuwa na 2008 da na 2010, ba irin wadda ƙato ɗaya mai bindiga zai tare ba ce. Masifa ce da ke faɗa wa kasuwa ɗungurungum. Wannan ba ya nufin ɗan kasuwa ya zauna babu mai tsaronsa, domin akwai fashi, akwai fasa shago da dare, ga kuma satar mutane don neman kuɗin fansa wadda ta iso har cikin unguwannin birni. Abin da yake nufi shi ne kafin mutum ya kashe kwabonsa, ya san wane irin mai tsaro ne zai ɗauka, da abin da zai iya yi masa, da abin da ba zai iya ba. A nan ne da yawanmu suke cakuɗa abubuwa, domin a bakinmu duk wanda ya tsaya kusa da mai kuɗi dogari ne.

To, bari mu fara da dogarin na ainihi. A ranar 19 ga watan Janairun 2013 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin motocin Sarkin Kano, marigayi Alhaji Ado Bayero, wuta yana komowa daga wani taron saukar karatu. Direbansa da wasu daga cikin dogarawansa suka rasa rayukansu, Sarki ya tsira. Mutanen nan ba su da bindiga, ba su da rigar sulke. Jikinsu suka sa suka kāre shi. Duk mai son fahimtar sana'ar tsaron lafiyar mutum ya tsaya ya yi nazarin wannan. Dogari ba a kasuwa ake ɗauko shi ba. Sau da yawa gadon aikin ya yi, a cikin fada ya girma, fada ce ke ɗauke da cinsa da suturarsa da auren 'ya'yansa, kuma ya san idan ya faɗi ba za a watsar da iyalinsa ba. Amanar da ta sa ya tari harsashi an shekara da shekaru ana gina ta. Attajirin da ya ɗauki ƙato a watan jiya, yana biyansa albashin da bai isa buhun masara ba, ya kuma sa ran zai yi masa abin da dogarai suka yi wa Sarki, yaudarar kansa kawai yake yi.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda maƙwabtanmu na Nijar suka fi kowa sani. Shugaba Ibrahim Bare Mainasara dakarun da ke tsaron fadarsa ne suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai a ranar 9 ga watan Afrilun 1999. Shugaba Mohamed Bazoum ma masu tsaron fadarsa ne suka tsare shi a watan Yulin 2023. A Indiya, Firayim Minista Indira Gandhi masu gadinta biyu ne suka kashe ta a 1984. Mai tsaronka shi ne mutumin da ya fi kowa sanin lokacin fitarka da na shigarka, da ɗakin da kake kwana, da makarantar 'ya'yanka. Duk mutum ɗaya da ka ƙara a kusa da kai, ka ƙara garkuwa ɗaya, ka kuma ƙara ƙofa ɗaya da za a iya shigowa ta cikinta.

Jami'an hukumar tsaron ƙasa ta SSS, wadda aka kafa a 1986 zamanin Janar Ibrahim Babangida bayan rushe NSO, su ne ƙwararru a wannan aiki, to amma aikinsu tsaron shugaban ƙasa ne da gwamnoni da sauran manyan masu riƙe da muƙamai. Ba hajar sayarwa ba ne, ba kuma ruwan ɗan kasuwa da su.

Ɗan sandan rakiya shi ne wanda manyan 'yan kasuwa suka saba da shi, musamman 'yan kwantar da tarzoma da ake kira mofol. A gaskiya yana da amfani da babu wani mai gadin da ke da shi: yana ɗauke da bindiga bisa doka, yana da ikon kama mutum, kuma kakinsa na buɗe shingayen bincike. Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Jos zuwa Bauchi ko Abuja ya san darajar wannan na ƙarshen. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, rabin abin da ake saye a wajen ɗan sandan rakiya isa ce da alfarma, ba tsaro ba. Mun ga ɗan sanda riƙe da jakar uwargida a kasuwa, mun gan shi yana buɗe ƙofar mota, yana riƙe lema, mun kuma ga an tafi da shi karɓo bashi, abin da doka ba ta ba shi ba. A 2018 Mike Okiro, wanda tsohon Sufeto-Janar ne kuma yana shugabantar hukumar kula da ayyukan 'yan sanda a lokacin, ya ce fiye da 'yan sanda 150,000 ne ke maƙale da manyan mutane da waɗanda ma ba su cancanta ba. Kowane ɗaya daga cikinsu da kuɗin harajin jama'a aka ɗauke shi, aka horar da shi, aka saya masa makami. Mai tumatir a Farin Gada da mai shagon siminti a Kabong duk sun biya, amma idan ɓarayi suka zo musu da tsakar dare, ofishin 'yan sandan yankinsu sai ya ce babu isassun mutane. A harshen ciniki, wannan tallafi ne da talaka ke ba mai kuɗi.

Kuma ko shi mai kuɗin, kariyar ba ta kai yadda yake zato ba. A ranar 8 ga watan Yulin 2012 Sanata Gyang Dantong mai wakiltar Filato ta Arewa da shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar, Gyang Fulani, suka rasa rayukansu lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa taron jana'izar mutanen da aka kashe a ƙauyen Maseh. Manya ne na gwamnati, akwai jami'an tsaro a wurin, amma hakan bai hana ba. Bugu da ƙari, jiniya da motar rakiya shela ce: suna gaya wa duk wanda ke laɓe a daji cewa ga wanda ya cancanci a tare.

Akwai wani rukuni da ba a cika magana a kansa ba, wato 'yan sandan da ake kira sifai. Dokar 'yan sanda ta yarda kamfani ya nemi a horar masa da mutane, a ba su kaki, su tsare masa harabarsa, shi kuma ya ɗauki nauyin albashinsu. Bankuna da kamfanonin mai sun daɗe suna amfani da su. Wannan tsari ya fi adalci, tun da mai cin moriya shi ke biya, amma sai babban kamfani mai rijista ne zai iya bin hanyarsa, kuma an yi shi ne don tsaron wuri, ba don bin maigida biki ba.

Game da mayar da manya hannun Sibil Difens, ina da shakku guda biyu. Na farko, jami'anta ba su kai 'yan sanda yawa ba ko kusa, ga shi an riga an ɗora mata tsaron bututun mai da turakun lantarki da makarantu da wuraren haƙar ma'adinai, wanda a Filato ba ƙaramin aiki ba ne. Idan aka kwashe su aka raba wa attajirai, an sayar da kare an sayi biri ke nan. Na biyu ya fi shafar kasuwanci kai tsaye. Ita wannan hukuma, bisa dokarta ta 2003 da gyaran da aka yi mata a 2007, ita ce ke sa ido a kan kamfanonin gadi masu zaman kansu, tana duba su, tana iya rufe wanda ya saɓa ƙa'ida. Yanzu kuma ita ce za ta riƙa ba da hayar masu tsaro ga abokan cinikin waɗannan kamfanoni, tana da bindiga su ba su da ita. Alƙalin wasa ya sa riga ya shiga fili. Duk ɗan kasuwa ya san yadda irin wannan gasa ke ƙarewa.

Su kamfanonin gadin, dokar da ke tafiyar da su ta soja ce, ta 1986. Ta ce tilas kamfani ya sami lasin daga ministan harkokin cikin gida, tilas ya zama mallakar 'yan Nijeriya, kayan sawar ma'aikatansa kada su yi kama da na soja ko na 'yan sanda, kuma, wanda ya fi muhimmanci, ma'aikacinsa ba zai riƙe bindiga ko harsashi a bakin aiki ba. Saboda haka duk kamfanin da ya zo maka da alkawarin ƙarti masu bindiga, ɗaya cikin biyu ne: ko dai jami'an gwamnati zai ɗauko maka ya ɗora ribarsa a kai, ko kuwa yana karya doka, kuma ranar da abu ya ɓaci har da kai za a kama.

Masu waɗannan kamfanoni sun daɗe suna kiran a ba su izinin riƙe makami, suna kafa hujja da Afirka ta Kudu, inda masu gadi masu rijista suka fi 'yan sanda da sojoji yawa idan an haɗa su, kuma wasunsu na ɗauke da bindiga da lasin. Hujjar tana da ƙarfi a takarda, domin ba a tarar mai AK-47 da kulki da usur. Amma ni ban goyi bayanta ba a yanzu, kuma Jos ce ta hana ni. Birni ne da rikici ya raba unguwanninsa, Musulmi suka tattara a wasu, Kirista suka tattara a wasu, har akwai layukan da mutum ke tunani sau biyu kafin ya shiga idan gari ya ɗauki zafi. A irin wannan wuri, kamfanin gadin da ke ɗaukar ma'aikata daga unguwa ɗaya, idan aka miƙa masa bindigogi hamsin, ranar tarzoma ba kamfani ba ne kuma, runduna ce ta ɓangare ɗaya mai ɗauke da takardar gwamnati. Abin da ya fi gaggawa a gyara a dokar 1986 shi ne batun horo da tantancewa. A Ingila, ƙarƙashin dokar 2001, mai tsaron lafiyar mutum yana da lasinsa na kansa dabam da na mai gadin ƙofa, sai ya yi kwas, an binciki tarihinsa, ya iya taimakon gaggawa, kuma duk da haka ba ya riƙe bindiga. Aikinsa na farko shi ne ya san hanya, ya san lokaci, ya hango fitina ya kauce da maigidansa tun kafin ta iso. Irin wannan ƙwararre ne ɗan kasuwar Nijeriya ke bukata, kuma shi ne ya fi wuyar samu, domin dokarmu ba ta ma bambanta shi da mai buɗe get ba.

Yanzu sai mu sauko ƙasa, inda mafi yawan masu karanta wannan sharhi suke. Mai shago a Kabong ko Katako ko Dilimi ba shi da ayarin motoci. Mai tsaronsa shi ne mai gadi: wani dattijo da tocila da gora, ko tsohon soja, ko ɗaya daga cikin Buzayen da fari na shekarun 1970 da na 1984 ya koro daga Nijar da Mali suka rungumi gadi a biranenmu har sana'ar ta zama kamar tasu. Wannan bawan Allah shi ne ginshiƙin tsaron kasuwancin ƙasar nan, kuma shi ne aka fi wulaƙantawa. Yana kwana a kan benci cikin sanyin Jos na watan Disamba, wanda duk wanda ya ɗanɗana ya san ba wasa ba ne, babu hutun mako, babu asibiti idan ya ji rauni, albashinsa kuma sai an ga dama.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Mako ɗaya awa 168 ne. Idan mutum zai yi awa takwas a rana, kwana shida a mako, awa 48 ke nan. Don a tsare ƙofa ɗaya dare da rana ba tare da an bar ta ba, ana bukatar mutum uku da rabi, wato huɗu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne a wata. Mutum huɗu sun kama Naira 280,000, ban da kaki da takalmi da tocila da kuɗin waya, ban da ribar kamfani idan ta hannun kamfani aka bi. To, wanda ya ce maka zai tsare maka shago dare da rana a kan kashi ɗaya cikin biyar na wannan kuɗi, ka san mutum ɗaya zai ajiye maka, mai yunwa, wanda tilas barci ya sace shi. Gaskiya ne dokar albashin ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ɓarawo ba ya duba wannan sashe na doka lokacin da yake neman wanda zai saya da Naira dubu goma ya nuna masa shagon da kaya suka sauka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya Naira 280,000 ba, amma layin shaguna 40 zai iya: Naira 7,000 ce a kan kowane shago a wata. Da wannan za a sami masu gadi huɗu da ke karɓa-karɓa, waɗanda aka san gidajensu da masu tsaya musu, aka rubuta yarjejeniya da su, ake biyansu a ranar da aka yanka ta hannun ƙungiyar 'yan kasuwa, da rasit. Ƙungiyoyin kasuwanni da dama suna karɓar kuɗin gadi tun da daɗewa. Matsalar ita ce kuɗin kaɗan ne, lissafinsa a duhu yake, kuma manyan attajiran layin, waɗanda suka fi kowa kaya, su ne ke zamewa saboda suna taƙama da ɗan sandan da ke gidansu. Idan janye 'yan sandan ya tilasta musu komowa cikin asusun gayya, ko wannan kaɗai riba ce.

Darajar mai tsaron ƙofa marar makami kuwa Jos ta gan ta da idonta. Bayan hare-haren da aka kai wa wuraren ibada, masallatai da majami'u suka sa 'yan agaji da matasansu suna tare hanya, suna binciken mota da jaka ranar Juma'a da ranar Lahadi. A ranar 11 ga watan Maris na 2012, da ɗan ƙunar baƙin wake ya nufi majami'ar Katolika ta St. Finbarr a Rayfield, a bakin ƙofa aka tsayar da motarsa, a nan ta fashe. An yi asarar rayuka, amma da ta kai cikin taron masu ibada da abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. Kasuwa ma tana iya koyon wannan: ƙofar shiga sananniya, wurin ajiye mota nesa da rumfuna, da mutanen da suka san fuskokin 'yan kasuwar har za su gane baƙuwar jaka da aka ajiye aka tafi.

'Yan banga da 'yan sintiri na unguwa suna tsakanin amfani da haɗari. Sun san lungu da saƙo, suna isowa kafin kowa, kuma a unguwanni da dama su ne suka rage fashin dare. Amma idan babu mai riƙe da linzaminsu sukan zama alƙalai da masu zartar da hukunci, kuma a gari irin Jos shingen da aka kafa don ɓarawo yana iya komawa shingen tambayar suna da addini. Duk ƙungiyar 'yan kasuwar da za ta ba su gudummawa ta tabbatar suna da rijista, baturen 'yan sandan yankin da mai unguwa sun san su ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda suka kama hukuma suke miƙa wa. Gwamnatin jiha tana da rundunarta ta Operation Rainbow tun zamanin Gwamna Jonah Jang, ga kuma rundunar haɗin gwiwa ta tarayya da aka girke a jihar tun 2010. 'Yan sintiri idanu ne da kunnuwa ga waɗannan, ba madadinsu ba. Amma ƙartin da ake ɗaukowa daga gungun 'yan sara-suka don su raka mutum taro ko su tsorata abokin hamayya, wannan ba tsaro ba ne. Wanda ya ciyar da su yau, gobe sun san ƙofar gidansa da abin da ke bayanta.

Saura mutum biyu da ba a lissafa su cikin masu tsaro, alhali kuwa lafiyar ɗan kasuwa ta fi rataya a wuyansu: direba da yaron shago. Direban da ya san hanya uku zuwa wuri ɗaya, wanda ba ya barin tanki ya sauka ƙasa da rabi, wanda ba ya ba da labarin tafiyar maigida a wurin mai shayi, ya fi ƙarti biyu amfani. Yaron shago kuwa shi ya san ranar da kuɗi ke kwana a aljihun tebur. Yanzu da ake iya tura kuɗi ta waya da na'urar POS, babu dalilin da zai sa mai sayen dankalin Turawa ya tafi Bokkos ko Mangu da miliyoyi a cikin jaka, sa'an nan ya nemi wanda zai tsare jakar. Kuɗin da ba ka ɗauka ba ba ya bukatar ɗan rakiya.

Abu na ƙarshe da na gani a Jos ba a sayensa da kuɗi, amma ciniki ne ke haifar da shi. Bahaushen da ke kai kaya Kabong da Inyamuri ko Birom ɗin da ke sarin katako ko hatsi a Katako, kowannensu yana shiga unguwar da ba tasa ba don neman abinci. Idan gari ya fara ɓaci, wanda ke fara buga masa waya ya ce kada ka shigo yau, ko ya ja shi cikin shago ya rufe ƙofa, abokin cinikinsa ne na wancan ɓangaren. A ranar 23 ga watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum fiye da 200, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tari maharan da baki kawai; gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Saboda haka idan ƙungiyar kasuwa za ta ɗauki masu gadi, ta gauraya su, Musulmi da Kirista a kan benci ɗaya, kuma shugabannin kasuwar Kabong su riƙe lambobin wayar takwarorinsu na Katako da Farin Gada da Taminus, su riƙa zama tare lokacin da gari ke lafiya, ba sai an sa dokar hana fita ba.

Akwai aiki a gaban ƙungiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Jihar Filato a nan. Ta nemi ofishin Sibil Difens na jiha ya wallafa sunayen kamfanonin gadin da lasinsu ke da rai, a manna a ofisoshin kasuwanni, domin mai shago ya duba kafin ya sa hannu. Ta kuma nemi a bayyana a fili nawa ake biya idan an nemi jami'in rakiya, a wane asusun gwamnati kuɗin ke shiga, nawa ne alawus ɗin da ke isa hannun jami'in, kuma mutum nawa hukumar za ta iya bayarwa ba tare da ta kwashe waɗanda ke tsaron makarantu da kasuwanni ba. Idan an sami waɗannan alƙaluma, kowane ɗan kasuwa zai iya ɗora su kusa da Naira 7,000 ta gadin gayya, ya ga wanne ne aljihunsa zai ɗauka.